Tayoyi Huɗu da Abba Ya Ba Kallamu

Masu karatu, da yawanku kun rubuto kuna tambaya wai me ya haɗa maganar aure da maganar taya. Yau zan ba ku amsa, har da lambobinta. Wanda ba ya son lissafi ya yi haƙuri, kaɗan ne.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: sunana Saffana, shekarata ashirin da biyar, 'yar Fagge ce a Kano. Ina zaune a Guangzhou tare da mahaifina, Alhaji Salihu, wanda ya shekara goma sha bakwai yana loda tayoyi daga nan zuwa gida. Tun da na gama jami'a, shekara uku ke nan, nake aiki a ofishinsa da ke hawa na tara na wani bene a unguwar Xiaobei. Ni nake rubuta oda, ni nake magana da masana'antu, domin Sinancin Abba bai wuce gaisuwa da "ya yi tsada" ba.

Takardar zamana za ta ƙare ranar talatin ga Disamba. Tun watan Satumba Abba ya faɗa mini, yana shan shayi a falo, bai ko ɗaga murya ba.

"Mamana, ko dai ki kawo mini mutumin da zan yarda da shi, ko in saya miki tikiti. Ummanki ta gaji da amsa tambayoyi a gidan biki."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana. Umma kuwa tana Kano, kuma duk safiya sai na tarar da saƙon muryarta na minti huɗu ko biyar. Minti ɗaya addu'a ne, sauran kuma sunayen sa'o'ina da suka haihu.

Mutumin akwai shi. Sunansa Kallamu, ɗan Maraɗi, shekararsa talatin da ɗaya. Injiniya ne, aikinsa duba wa 'yan kasuwar Nijar babura da kayan gyara kafin a rufe kwantena. Ranar da na fara ganinsa, ya shigo ofis ne da riga mai gajeren hannu da takarda a ninke, ya tambaye ni ko muna da wili mai inci goma sha biyar, mai rami huɗu, tazarar milimita ɗari da arba'in.

Na ce masa, "Meyo," wato babu, kamar yadda masu shaguna suke cewa a nan. "Wannan ai na Fijo ne. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka same shi jibge, ba a Chana ba."

Ya tsaya yana kallona. "Kin san shi da ka?"

"Aikina ne."

Abin da ya ja hankalina gare shi ke nan. A benen nan kowa abin da zai sayar yake nema. Shi kaɗai na gani yana neman abin da babu mai saye.

Daga baya na san dalili. Akwai wani dattijo ɗan ƙasar, Liang Shifu, shekararsa sittin da takwas, wanda ya yi aiki a masana'antar da ta taɓa haɗa Fijo 505 a nan Guangzhou. Yana da guda ɗaya, fara, ta shekarar 1992. Takardunta na hawa titi sun daɗe da ƙarewa, sai dai a ɗora ta a bayan wata mota a kai ta fili. Gwiwar tsohon ta hana shi taka kuloci, don haka Kallamu ne yake tuƙa ta a wani wasa da suke kira otokuros. Fili ne ake samu mai kwalta, a jera robobi masu tsini irin na 'yan sandan hanya, a yi hanya mai kwana-kwana da su. Mota ɗaya-ɗaya take shiga, agogo yana ƙirga mata. Duk robar da ka ture, a ƙara maka sakan biyu. Gudun bai cika wuce giya ta biyu ba. Kwana ce komai, kwana kuwa taya ce.

Wata biyu muna musayar saƙo, rabi a kan lamba. Bari in yi muku bayani a taƙaice. In kun ga an rubuta 185/60 R14 a jikin taya, lamba ta farko faɗinta ne da milimita. Ta biyu tsawon gefenta ne, kashi nawa cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman wili ne da inci. Kallamu yana son mai faɗi, 205, don a ganinsa faɗi shi ne riƙo. Na ce masa wilin motar ƙunci ne da shi, inci biyar da rabi. In ya cusa masa taya mai faɗi, za ta kumbura kamar ƙosai, gefen zanenta ba zai zauna a ƙasa ba. Ya yi musu kwana uku. Rana ta huɗu ya turo mini hoton takarda cike da lissafi, a ƙasa ya rubuta, da guntun Faransancinsu na Nijar: "Dakwar, na yarda. 185/60. Kin fi ni gaskiya."

Na karanta wannan saƙon ya fi sau goma. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Kuskuren ya faru ne ranar wata Laraba, farkon Nuwamba. Kun san namiji ba ya zuwa gaban uba ya ce ina son 'yarka. Gaisuwa yake fara zuwa. Kallamu ya zo da farin yadi da hula, ya cire takalmi a bakin ofis, abin da babu mai yi a benen nan, ya durƙusa. Ni ina bayan gilas a ɗakina, ƙofa a buɗe, ina danna kwamfuta ba tare da na rubuta komai ba.

Bayan gaisuwa sai shiru ya yi yawa. Don ya girmama babba, sai ya nemi shawararsa a kan sana'arsa.

"Alhaji, akwai wata tsohuwar Fijo da nike tuƙawa. Na ce ko za ka ba ni shawara kan taya."

Na rufe ido. Ya riga ya san tayar da yake so. Hira kawai yake nema. Bai san wanda ya taɓo ba.

Abba ya ajiye carbi. "Fijo? A garin nan? Wacce?"

"505, Alhaji."

"Allahu akbar. Yaro, shekara shida ina jigila Kano zuwa Jibiya da 504 kafin in san mene ne Chana. Mutum tara, buhu huɗu a but, akuya a sama. Fijo ba ta son gajeriyar taya. Ka sa mata 185 R14 mai ninki takwas, irin ta bas. Doguwa ce, ba ta jin rami. Sai ka shekara uku ba ka gaisa da mai faci ba."

"Alhaji, wurin da muke wasan ba shi da..."

"Wasa ko aiki, mota dai mota ce. Mamana!"

"Na'am, Abba."

"Ki kira sito. A fitar da huɗu, a kai masa duk inda ya ce. Kyauta ce. Kar ya kuskura ya sa hannu a aljihu."

Na tsaya a bakin ƙofa. Kallamu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ni ma na dube shi. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi magana. Shi ba zai mayar da kyautar mutumin da yake neman 'yarsa ba, kuma shawarar da ka roƙa da bakinka a wurin babba ba a barinta a ƙasa. Ni kuma ban taɓa gyara wa Abba magana a gaban baƙo ba.

Na ce, "To, Abba."

Kallamu ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah shi ƙara girma."

"Yaushe ne wasan?"

"Asabar ta sama."

"Zan zo in ga yadda suka zauna mata."

Bayan la'asar, ina cikin jirgin ƙasa zan koma gida unguwar Sanyuanli, na tura masa saƙo.

"Ka san abin da ka karɓa?"

"Na sani. Tsawonta daga ƙasa zuwa sama milimita 650 da 'yan kai."

"Wadda muka zaɓa 578 ce."

"Na sani, Saffana."

"Robarta tauri ne da ita kamar tafin takalmin soja. Za ta zame a kwana. Giya ta biyu za ta yi nauyi. Motar za ta ƙara tsawo, ta riƙa tangaɗi."

"Duka na sani. Liang Shifu ya kewaya su sau biyu, ya tambaye ni ko kabeji za mu kai kasuwa."

Na yi dariya ni kaɗai, wata mata da ke kusa da ni ta matsa.

Sai na rubuta masa abin da har yanzu ban gama yanke hukunci a kansa ba. Na ce akwai masana'antar da za ta kawo mini 185/60 mai laushi cikin kwana biyu. Ya ɗaura su. Abba yana yawan cewa zai je wuri bai je ba. In ma ya je, sai a ce masa dokar wasan ce ta hana tayar bas.

Ku ji gaskiya, masu karatu. Rabin zuciyata taimako take nufi. Ɗaya rabin so take ta ga abin da zai yi. Na san in ya karɓi shawarata, to mutum ne da zai iya tsara wa mahaifina ƙarya, kuma wanda ya tsara wa uba zai tsara wa 'ya. In kuma ya ɗaura tayoyin Abba ya sha kaye, sannan ya zo yana yabonsu, to ɗan fadanci na samu, irin waɗanda suke cika ofishinmu ranar Juma'a. Ita kuwa gaskiya tsirara, na san Abba. Ya taɓa daina sayen kaya a wata masana'anta shekara biyar saboda manajansu ya ce masa bai fahimci roba ba.

Alamar "yana rubutu" ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe kalma uku suka iso.

"Bari in duba."

Kwana tara bai sake tayar da maganar ba. Yana gaishe ni da safe, yana turo hoton abincin da ya ci a shagon 'yan Lanzhou, yana tambayar jikin Umma. Na tambaye shi sau biyu wace taya ce a jikin motar. Sau biyun ya ce, "Ki zo ki gani." Ban aika masa da masu laushin ba, amma a garin nan duk wanda yake da waya zai iya sayen taya kafin azahar.

Umma ta samu labari, ban san ta ina ba. Saƙonta na ranar Alhamis minti bakwai ne. "Wai ɗan tseren mota? Saffana, duk mazan Kano? Kuma mutumin Nijar? To ni ban ƙi ba, Musulmi ne, kakarki ma ta wajen uwa daga Tasawa take. Amma ki tambaye shi, in ya karye wa zai yi jinya?"

Ranar Asabar na tashi na dama wa Abba kunun gyaɗa da gyaɗar da aka aiko mana daga gida. Na daɗe a gaban durowa. Na ciro atamfa, na mayar. Wa yake zuwa filin mota da ɗaurin ɗankwali? Na sa abaya koriya mai duhu, mayafi ruwan toka, da farin kambas. Abba kuwa ya fito da babbar riga ta shadda ruwan sararin sama, hula zanna, da turaren da yake sawa ranar idi.

"Abba, fili ne fa. Akwai baƙin mai."

"Wurin surukai... wurin mutane za ni."

Na yi kamar ban ji gyaran ba. Shi ma ya yi kamar bai yi ba.

Filin yana wajen gari, ta arewa, harabar wata tsohuwar masana'anta da aka rufe. Tafiyar minti hamsin a motar haya. Motoci talatin da takwas na ƙirga, yawanci ƙanana, sababbi, cikinsu yana kusan taɓa ƙasa. Samari da 'yan mata suka riƙa ɗaga waya suna ɗaukar Abba hoto. Ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Fijon tana can ƙarshen layi. Tun daga nesa na gane, don ta fi kowace mota tsawo, kamar mace mai takalmin ƙwas-ƙwas a cikin 'yan ƙwallo. Tayoyin Abba ne, duka huɗun. Har ɗigon fenti ja na sitonmu yana jikinsu.

Ban san ko daɗi na ji ko tsoro ba. Abu ɗaya dai ya fita daga lissafi: bai yi ƙarya ba. Saura biyu: fadanci, ko gaskiya tsirara.

Kallamu ya taho da hular kwano a hannu, ya durƙusa a kan kwalta. Liang Shifu, gajere mai farin gashi da sanda, ya miƙa wa Abba hannu biyu ya ce, "Lawban," wato maigida. Abba bai saurari kowa ba. Ya nufi motar, ya shafa bonet, ya laluba ƙasa ya buɗe da kansa ba tare da an nuna masa makamar ba. Tsohon ya yi dariya ya tafa. Minti goma suka yi a kan injin, ɗaya yana Hausa, ɗaya yana Kantonanci, yaren mutanen garin, kowa yana gyaɗa kai. Ba su neme ni in fassara ba.

Aka kira lamba ashirin da uku. Kallamu ya shiga.

Kowa zagaye uku yake yi, a na farko ya yi sakan sittin da uku. A kwana ta biyu gaban motar ya ƙi juyawa, tayoyin suka yi wani ƙugi mai tsawo, ta wuce da robobi biyu. Aka ƙara masa huɗu. Na biyu ya rage gudu, ya yi sittin da ɗaya, bai taɓa komai ba, amma duk kwanar da ya sha sai an ji wani ƙara, gurrr, daga ƙasan bodi. Na uku sittin da 'yan kai. Wanda ya zo na ɗaya ya yi arba'in da tara. A wasan watan jiya, da tsofaffin tayoyin da suka kusa siɗewa, Fijon nan ta yi hamsin da huɗu a hanya mai kama da wannan. A allon sakamako sunan Kallamu ne na biyu daga ƙasa. Wanda yake ƙasansa motarsa ce ta mutu.

Abba ya juya. Hannunsa a baya, ya fara bin layin motoci. Na bi shi. Duk motar da ta fito daga fili, sai ya sunkuya, ya tattare babbar riga, ya danna babban yatsa a kan zanen tayar. A wurin wata ƙaramar mota ja, ta wata budurwa mai gajeren gashi, ya daɗe. Tayar da ɗumi, tsakuwoyi sun manne a jikinta kamar riɗi a kan alewa. Ya danna farce, farcen ya shiga.

"Mamana, tambaye ta. Wata nawa wannan take yi?"

Na tambaya. Yarinyar ta ƙirga da yatsu.

"Ta ce Asabar shida. In ta lallaɓa, bakwai."

"Wata shida?"

"Asabar shida, Abba."

"Innalillahi. Kuma da saninta ta saya?"

"Ta ce saboda haka ma ta saya."

Ya miƙe a hankali. Ya koma wurin Fijo, ya dafa tayarsa. Ko ɗumin kirki babu, zanen yana nan kamar yau aka fito da shi daga leda. Ya zura hannu ta saman tayar, cikin bodi, ya fito da yatsu baƙi. Nan take gogar ƙarfe duk lokacin da motar ta kwanta a kwana.

Kallamu yana tsaye, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kallamu."

"Na'am, Alhaji."

"Yaya ka ji tayoyin?"

Na dubi kambas ɗina. Akwai ɗigon baƙin mai a kan na hagu. Na tsayar da idona a kansa.

Ya durƙusa tukuna. "Alhaji, da Maraɗi za ni tahi da buhun gero goma, ba ni sa wata in ba wannan ba. Amma a hilin nan ba su dace ba. Sun yi tsawo, sun yi tauri, sun yi nauyi."

"Yau ka gane?"

"A'a. Tun ranar da ka ba ni."

"Kai! Ka sani, ka ɗaura, ka zo ka kunyata tsohon nan a gaban yara?"

"Na roƙe shi gafara tun kafin yau, ya yarda. Sharaɗinsa in wanke motar wata guda." Ya ajiye hular kwanon a ƙasa. "Ni na jawo, Alhaji. Na tambaye ka abin da na riga na sani, don in samu abin hwaɗi a gabanka. Da ka ba ni, kunya ta hana ni magana. Daga baya na ga in na zo ohis na ce ba su yi ba, magana ce kawai ta yaro. In na sauya a ɓoye, ka zo ka tarar da abin da ba naka ba. Sai na ce bari ka gani da idonka, in ka tambaye ni in hwaɗa maka."

"In da ban tambaya ba fa?"

"Mai taya ne kai, Alhaji. Za ka tambaya."

Liang Shifu ya taɓa ni da sanda yana son fassara. Na ce masa ya dakata.

Abba ya ciro hankici, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo, ba wajen Kallamu ba, wajena.

"Ke fa, Mamana? Kin sani?"

"Na sani, Abba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka ce in kira sito."

"To wacce ce ta dace?"

Lamba dai ba ta yi mini wuya. "185/60 R14, mai laushi. Faɗinta ɗaya da taka, amma gefenta gajere ne, ba ya lanƙwasa a kwana. Motar za ta sauka kusan santimita huɗu, ta daina gogar bodi. Giya ta biyu za ta fi saurin ɗauka, tunda tayar ta fi ƙanƙanta."

"Me ya hana mai faɗi, irin ta yarinyar can?"

"Wilinta ya fi namu faɗi. Namu ba zai riƙe ba. Sai in an samo na inci sha biyar daga Ƙofar Ruwa."

"A ɗauko wili daga Kano a kawo Chana." Ya girgiza kai, kamar zai yi murmushi, bai yi ba. Ya miƙa wa Liang Shifu hannu, ya ce "shiye-shiye," wato na gode, sau biyu. Kallamu kuwa ko kallonsa bai sake yi ba. "Kira mana mota."

Muna tafiya wayata ta yi motsi a cikin jaka. Na leƙa. Kallamu ne: "Na ɓata?" Ban amsa ba, don ban sani ba.

A mota Abba ya zauna gaba, ni a baya. Muka wuce gonakin ayaba, muka shiga gadar sama, dogayen benaye suka fara bayyana. Ina kallon ƙeyarsa da gefen hularsa, ina lissafin kwanakin da suka rage zuwa talatin ga Disamba. Arba'in da biyar.

Bai juyo ba da ya yi magana.

"Yaron nan yana da wauta. Wa yake tambayar abin da ya sani?"

Ya gyara zaman hularsa, ya ci gaba.

"Amma ya ɗauki kunyar a kansa, bai ɗora mini ba. Kuma da na tambaye shi bai lanƙwasa harshe ba. Ki ce masa ya turo magabatansa. In suna Maraɗi, su je Kano wurin Baffanki."

Na riƙe jakata da hannu biyu. "To, Abba. Allah ya ƙara girma."

"Ban gama ba." Yanzu ya juyo, ya dafa kujera. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba. Irin kallon da yake yi wa sabon samfur ne in an kawo daga masana'anta. "Shi baƙo ne, kwana goma ya yi shiru. Ke 'yata ce. Shekara uku ina faɗa kina rubutawa, kullum 'to, Abba'. Sau nawa kika san na yi kuskure kika rubuta?"

Direban ya dube mu ta madubi, ya rage sautin rediyo.

"Ba zan sa rana ba sai na ji amsa, Mamana. Ta gaskiya, irin ta yaron can."

Na san amsar, ban buƙaci tunani ba. Sau uku ne. Biyu sun wuce, kayan sun daɗe a sito a Kano kafin su fita, Abba ya ɗora wa kasuwa laifi, ni kuma na bar shi a haka. Na ukun bai wuce ba. Kwantena ce cike da taya mai inci goma sha huɗu, alhali motocin da suke bin titin Kano yanzu sun koma sha biyar da sha shida. Ranar Talatar nan ta bar tashar jirgin ruwa, tana kan teku.

Wayar ta sake motsi. Na kife ta a kan cinyata.

"Abba," na ce, "in mun isa gida, ka yi sallah ka ci abinci tukuna. Sannan ka ɗauko takardar kwantenar ranar Talata, mu zauna."